Za mu iya kafa kamfanin wutar sola mallakin garinmu?

Tambaya: Injiniya, garinmu yana kusa da Daura. Turakun wuta sun iso mana da daɗewa, amma sai mu yi mako ba mu ga ƙyallinta ba. Mu 'yan ƙungiyar ci gaban gari muna so mu haɗa kuɗi mu kafa kamfanin sola na jama'ar gari. Ta ina za mu fara?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa wannan niyya albarka. Abu ne mai yiwuwa, doka kuma ta ba ku dama. Sai dai kada ku fara da tambayar farashin farantin sola da batir. Ku ɗauki littafi da biro ku zagaya gari, ku rubuta duk mai kunna janareto da rana: mai injin niƙa, mai walda, mai ƙanƙara, teloli, masu cajin waya, asibiti, rijiyar burtsatse. Ku tambayi kowa nawa yake kashewa a mai kowane mako. Waɗannan ne za su riƙe kamfanin. Dalili kuwa, wutar da aka sha da rana daga faranti take zuwa kai tsaye, ita ce mai araha. Ta dare sai an tara ta a batir, batir kuma shi ne abu mafi tsada a aikin. Garin da ba ya jan wuta sai bayan magariba, don ƙwan lantarki da fanka da talabijin, zai sha wuyar biyan kuɗinta.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Ko ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a jiha, ko ku yi ta kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Ni na fi karkata ga gama kai, domin kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, attajiri ba zai saye murya ba. A ƙa'idar 2023 ta NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki, ƙaramar tashar da ke zaman kanta, wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista kawai take bukata. Daga nan zuwa megawat 1 sai da izini. Amma tunda wayoyin KEDCO, kamfanin rarraba wuta na yankinku, sun riga sun shigo garinku, dole ku zauna da su a ƙulla yarjejeniya tsakanin masu tasha da al'umma da kamfanin rarraba wuta. Fili kuma a same shi ta hannun hakimi da dagaci, a rubuce, da shaidu.

Kuɗin gari kaɗai da wuya ya isa. Ku je hukumar REA mai kula da wutar karkara ku nemi bayanin shirin DARES na tallafa wa irin waɗannan ƙananan tashoshi, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 750 a ƙarshen 2023. Tallafin yana bi ne ta hannun kamfanonin da aka tantance, saboda haka ku nemi ɗaya ku yi haɗin gwiwa, ku saka fili da jarinku, ku riƙe kaso a rubuce. In jama'a na ƙyamar kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz.

Inda na fi ji muku tsoro shi ne ranar karɓar kuɗi. A gari ɗaya kowa ɗan'uwan kowa ne. Wa zai yanke wa ƙanen dagaci wuta? Wa zai tari surukinsa da maganar bashi? Ku sa wa kowa mita mai kati tun ranar farko, har masallacin Juma'a, in ya so masu hali su riƙa saya masa. Daga kowace naira da ta shigo kuma a ware kason sauya batir a asusun da sai mutum uku sun sa hannu. Zafin ƙasarmu yana cin batirin ruwa cikin 'yan shekaru. Na litiyam ya fi tsada amma ya fi daɗewa. Na taɓa ziyartar wani gari da farantansa ke nan lafiya lau, batura sun mutu, asusu babu ko sisi, an koma fitilar hannu. Abin ya daɗe yana damuna.

Ku horar da matasa biyu na gari su riƙa duba inbata, wato na'urar da ke juya wutar faranti da batir zuwa irin wadda ake sha a gida, da wanke farantai, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke rage ƙarfin wuta. In kun gama zagayen nan na farko, ku aiko mini da lissafin, mu auna girman tashar tare.