Annoba ta kwashe uba da ɗa a dare ɗaya, wa ya gaji wa?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, na ji a wajen karatu cewa annobar Amwas ta riƙa share gida kaf. To idan uba da ɗansa suka rasu ba a san wanda ya riga ba, yaya ake raba gadonsu?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Amwas gari ne a Falasɗinu, daga nan annobar ta ɓarke a shekara ta 18 bayan Hijira, wato 639 Miladiyya, zamanin Sayyidina Umar. Malaman tarihi sun ambaci mutum kimanin 25,000 da suka rasu, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrah, da Mu'azu ɗan Jabal, da Yazidu ɗan Abu Sufyan, Allah ya ƙara musu yarda. Mutuwar ta yi yawan da gado ya rikice wa mutanen Sham, sai da Halifa ya taka da ƙafarsa ya je aka warware. Ka ga ashe tambayarka tsohuwa ce.

Sharaɗin gado shi ne a tabbatar magaji yana numfashi bayan mamaci ya cika, ko da na ƙiftawar ido ne. A nan babu wannan tabbaci, kuma ba a cire dukiya daga hannun masu ita bisa shakka. Saboda haka Malik da Shafi'i da Abu Hanifa suka ce babu gado tsakaninsu. Dukiyar uban ta tafi ga magadansa rayayyu kamar ɗan bai taɓa zuwa duniya ba, haka ma ta ɗan. A Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, an kawo cewa waɗanda aka kashe ranar yaƙin Jamal da na Siffin da na Harra ba su gaji juna ba, sai wanda aka san ya riga ɗan'uwansa.

Imamu Ahmad ya saɓa. A wurinsa kowanne yana gadon ɗayan, amma daga tsohuwar dukiyarsa kawai, ban da abin da ya gada daga abokin mutuwarsa. Ni dai wannan bai kwanta mini ba, don ya mai da mutum ɗaya wanda ya riga kuma wanda aka riga a lokaci guda.

Fatawarmu tana kan maganar jumhur, wato mafi yawan malamai, cewa babu gado tsakaninsu. Sai dai kada a yi gaggawar cewa ba a sani ba. A tambayi masu jinya da maƙwabta tukuna, domin idan shaidu adilai suka tabbatar ɗan ya kai asuba uban kuwa ya cika tun tsakar dare, to ɗan ya gaji uban, rabonsa kuma ya wuce ga nasa magadan. Wallahu a'alam.