Tambaya da Amsa: Doyata ta ruɓe a bokiti, ko dai doya ba ta Kano ba ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman shawara. Ni a Kano nake, tsakar gidanmu duk siminti ne, sai naga a Facebook mutane na ta shuka doya a buhu nima nace bari in gwada. Watan Disamba na yanko kan sabuwar doya da muka siyo na binne a bokitin fenti ina ba ta ruwa safe da yamma, bayan sati uku na tona sai wari, ta zama kamar kunu. Har yau maigida dariya yake min wai doya ba ta Kano ba ce. Da gaske ne? Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida yana da 'yar gaskiyarsa amma ba duka ba. Doya tana son wata 7 zuwa 9 a ƙasa, shi yasa ta fi yi a Binuwai da Nasarawa da Neja da Taraba inda damina ke da tsawo, babbar kasuwarta ma Zaki Biam a Binuwai take. Daminar Kano kuwa Yuni zuwa Satumba ce, wata huɗu an gama. To amma a buhu ai ke ce daminar, ruwan yana hannunki.

Abin da ya kashe taki ba Kano ba ne. Sabuwar doya in an haƙo ta barci take yi, wata biyu zuwa uku ko fiye ba za ta tsira ba ko me kika yi mata, ke kuma kin yanka ta ɗanya kin binne a bokitin da babu huji kina ta ɗura mata ruwa cikin sanyin Disamba, ai dole ta ruɓe, ko a Binuwai ne haka za ta yi.

Ki bari sai wajen Maris ko Afrilu, lokacin da za kiga doyar kicin ta fara fito da tsiro da kanta, wannan da mata ke karyewa suna jin haushi, to ita ce irinki. In ƙarama ce ki shuka ta ɗungurungum. In babba ce ki yanka gunduwa-gunduwa kamar girman dunƙulen hannu, kowanne da ɓawonsa, kan doyar shi ya fi saurin tsira. Ki shafe wurin yankan da tokar murhu, ki shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu har bakin ya bushe. Kar ki tsallake wannan, yawancin ruɓewa daga nan take farawa.

Bokitin fenti kuma ki bar shi wa wanki. Doya ƙasa take nutsawa, tana son zurfi, buhun shinkafa mai kilo 50 ki huda gindinsa da gefensa sosai, ki cika da ƙasa mai yashi-yashi haɗe da takin awaki ko na kaji wanda ya riga ya ruɓe ya huce, ɗanyen kashin kaji ƙona ta zai yi. Gunduwa ɗaya a buhu ɗaya, zurfin kamar tsawon tafin hannu, sai ki yi mata hula da busasshiyar ciyawa saboda ranar Afrilu a Kano ba wasa. Ruwa kuwa sai kin tura yatsa kinji ƙasar ta fara bushewa.

In ta tsiro ki kafa mata gora ko ki ɗaura igiya zuwa katanga ta hau, ganyen da ke shan rana shi ke gina doyar a ƙasa. In kuma kuna da akuya a gidan, Allah ya ba ki haƙuri, ki killace tun wuri.

Wajen Nuwamba ganye zai yi rawaya ya fara bushewa, ki tsayar da ruwa sati biyu sannan ki farke buhun da wuƙa a hankali, babu tono babu sara. Kar ki sa ran ƙwarya guda, wato doya ɗari, buhu ɗaya doya ɗaya ce ko biyu, amma buhu biyar sun isa ki daka wa maigida sakwara. Ƙananan kuma ki ajiye a inuwa inda iska ke shiga, irin baɗi kenan.