Amsoshin Tambayoyinku: Ta yaya maiƙo ke zama tantanin ƙwayar halitta?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa tantanin da ke kewaye da kowace ƙwayar halitta da maiƙo aka gina shi. To, yaya ba ya tarwatsewa, alhali jikinmu cike yake da ruwa? Daga wata ɗaliba a Garwa.

Amsa: 'Yata, ƙiyayyar mai da ruwa ita ce ma take riƙe da tantanin. Maiƙon da ake magana a kansa, wato fosfolifid, yana da kai mai ɗauke da sinadarin fosfet wanda ke son ruwa, da jela biyu waɗanda ke gudunsa. Da yake akwai ruwa a cikin ƙwayar da wajenta, sai su jeru sahu biyu da kansu, kawuna suna fuskantar ruwa ta kowane ɓangare, jelolin kuwa a ɓoye a tsakiya. Masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su suka nuna haka a 1925 da jajayen ƙwayoyin jini.

Kada ki ɗauka tantanin katanga ce ƙiƙam, domin kuskuren da ɗalibai suka fi yi ke nan. Wasu masana biyu, Singer da Nicolson, sun bayyana a 1972 cewa maiƙon yana zamewa gefe da gefe, furotin na yawo a cikinsa. Dubi man shanu a sanyin hunturu yadda yake daskarewa, man gyaɗar kasuwar Garwa kuwa bai cika yin haka ba: miƙaƙƙun jela irin na man shanu suna matsewa, lanƙwasassu irin na man gyaɗa suna barin sarari. Wani nau'in maiƙo mai suna kolastarol ne ke daidaita wannan taushi na tantanin a jikin dabbobi.