Zauren Malamai: Amsoshin Tambayoyinku kan Koyarwa da Na'ura

Yawancin wasiƙun da suka iso mana wannan watan daga malaman makaranta suke, kuma kukansu ɗaya ne: kayan aiki sun fara shigowa aji, amma wuta da sabis ba su biyo bayansu ba. Ga biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, ɗalibai saba'in ne a ajina. Ƙungiyar iyaye da malamai ta tara kuɗi za a saya mana majigi, amma wutar NEPA sai mu yi kwana uku ba mu sa ta a ido ba. Muna da batir ɗaya mai 12V 100Ah da inbata. Zai ɗauka? Daga wani malami a Gumel.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin a kai kuɗin nan kasuwa a ɗauki biro a yi lissafi. In ka ninka 12 sau 100 za ka samu 1,200, wato ƙarfin da batirin ke riƙewa in ya cika taf, a ma'aunin wat na awa guda. Amma batirin ruwa ba a zuƙe shi fiye da rabi, in ana yi masa haka kullum ba zai yi tsawon rai ba. Saura 600 ke nan. Inbata ita ma tana cin nata kason, kimanin kashi 15 cikin ɗari, abin da zai iso hannunka kusan 500 ne.

Majigi mai ƙwan fitila yana shan wat 250 zuwa 300, kwamfutar cinya kuma kusan 50. Ka ga awa ɗaya da rabi za ka samu, darasi biyu na minti arba'in, shi ke nan batir ya kwanta. Talabijin mai inci 43 kuwa wat 60 zuwa 80 take ci. Da ita da kwamfuta za ka yi kusan awa huɗu, in kuma ka zuba bidiyon a filas ka cusa a bayanta kai tsaye ba tare da kwamfuta ba, za ka haura awa shida. Mu dai a wannan hali talabijin za mu ba ku shawarar saye.

Sai dai tana da nata cikas: yaron da ke benci na ƙarshe ba zai karanta ƙananan rubutu ba. A kafe ta a bango sama da kan mutum in yana tsaye, girman rubutu kada ya gaza 32, layi kada ya wuce shida a shafi. Bayani mai tsawo ya zauna a allon alli, hoto da motsi kawai za a bar wa talabijin.

In iyaye sun kafe sai majigi, a duba kalmar ANSI, wato alamar cewa an auna hasken bisa ƙa'ida, kusa da adadin haskensa. Ƙananan majigin da ake talla da manyan lambobi ba tare da wannan kalma ba, a ɗaki mai duhu kaɗai suke aiki. Aji mai tagogi a buɗe da rana yana son wajen 3,000, kuma ba wanda zai rufe wa yara saba'in taga a watan bazara. Abu biyu ke kashe majigi a ƙasarmu. Na farko ƙurar hunturu, tana toshe matatar iska har ya yi zafi ya kashe kansa ana tsakiyar darasi, don haka a ciro matatar a kakkaɓe ta duk mako biyu, a rufe shi da ƙyalle in an tashi. Na biyu zare soket da gaggawa. A kashe shi da maɓallinsa, a jira fankar cikinsa ta yi shiru.

Batun caji kuma, faifan sola mai wat 300 ya isa ya mayar da abin da kuka sha a yini ɗaya, muddin ana goge masa ƙura da sassafe kuma akwai na'urar daidaita caji tsakaninsa da batir.

Tambaya: An ba makarantarmu ƙananan kwamfutocin hannu ashirin, amma garinmu sai an hau tudu ake samun sabis. Yanzu suna kulle a ofishin shugaban makaranta. Me za mu yi da su? Daga wata malama a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu.

Amsa: Malama, a fito da su, domin batirinsu lalacewa yake in ya daɗe babu caji. Akwai manhaja kyauta mai suna Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta yi musamman don wuraren da babu intanet. A ɗauki kwamfutar cinya ɗaya a je inda sabis yake da ƙarfi, a sauke manhajar, sannan a zaɓi darussa daga rumbunta. Akwai na Khan Academy, akwai gwaje-gwajen kimiyya na PhET daga Jami'ar Colorado ta Amurka, akwai labaran yara na African Storybook. Kada a ce a kwaso komai, data za ta ƙare ba a kai ko'ina ba. A buɗe tsarin karatu na zangon da ake ciki, a ɗauko abin da ya dace da shi kawai.

Da an dawo makaranta a kunna rauta, wato na'urar rarraba Wi-Fi, ko babu layi a cikinta. Kwamfutar da ƙananan duka su hau Wi-Fi ɗinta. Kolibri zai nuna adireshi mai kama da 192.168.1.5:8080, a rubuta shi a allo, kowane yaro ya shigar a burauza. In shafin ya ƙi buɗewa, abu uku za a duba: katangar tsaro ta Windows ta hana shiga, ko kwamfutar ta yi barci saboda an rufe murfinta, ko adireshin ya canja bayan an kashe rauta an kunna. Rauta mai araha kuma takan shaƙe in na'ura ashirin suka buɗe bidiyo lokaci ɗaya, gara a zaunar da yara uku-uku a kan guda, a kunna goma sha biyu.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne yadda za a yi darasin. In aka miƙa wa yara na'ura aka ce su kalla, kallo kawai za su yi. Ɗauki gwajin haɗa wutar lantarki na PhET: batir ɗaya, waya, ƙwai ɗaya yana ci. Kafin kowa ya taɓa komai ki rubuta a allo, me zai faru da hasken ƙwan in aka jera batir na biyu? Kowane rukuni ya rubuta hasashensa a littafi da dalilinsa. Sannan su ja batirin su jona. Waɗanda suka ce ba abin da zai canja, ki dubi fuskarsu sa'ad da ƙwan ya ƙara haske, a nan ne za ki fara bayanin ƙarfin wuta. Bidiyo ma haka, kada ya wuce minti biyar ba a tsayar an yi tambaya ba. Kuma duk abin da za ki nuna, ki gwada shi tun jiya a kan na'urar da za ki shiga aji da ita.

Tambaya: Ina buga jarrabawar Hausa a kwamfuta, amma haruffa masu lanƙwasa ba sa fitowa, wani lokaci in an kai wurin gurzawa sai su koma akwati-akwati. Daga wani malami a Damagaram.

Amsa: Wannan ba ƙaramin abu ba ne, Malam, tunda kafa daban ƙafa daban. A manhajar Word ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, ƙ zai fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ 0253, ta ƴ da kuke rubutawa a Nijar kuwa 01B4. Ka bar sarari kafin lambar, don in ta manne da harafi kamar a ko b sai Word ya haɗa su ya ba ka wani abu dabam. A waya ka ƙara Hausa cikin harsunan Gboard. Akwatunan nan kuma suna fitowa ne saboda kwamfutar mai shago ba ta da salon rubutun da ka yi amfani da shi. Ka adana takardar a matsayin PDF kafin ka fita da ita. Ga 'yan firamare, salon Andika na kyauta ne kuma an zana shi don masu koyon karatu.

Tambaya: Na sa filas ɗina a kwamfutar shagon buga takardu, da na dawo sai na tarar sakamakon ɗalibaina duk ya ɓace, sai wasu gumaka masu kibiya. Kuma ko kafin haka, matsayin ɗalibai da nake fitarwa a Excel yana ba ni na ɗaya har sau uku. Daga wata malama a Funtuwa.

Amsa: Kwantar da hankalinki, Malama, ƙwayar cutar kwamfuta ce ta shiga filas ɗin, kuma galibi ɓoye fayil take yi, ba gogewa ba. Kada ki danna gumakan, danna su ne ke shigar da ita kwamfutarki. Ki fara bincike filas ɗin da manhajar kariya. Sannan ki buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, in filas ɗin yana kan harafin E, ki rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ki danna Enter. Fayilolin za su bayyana. Ki kwashe su, ki wanke filas ɗin gaba ɗaya. Daga yau sakamako ya kwana a wuri biyu.

Matsayi kuwa alamar dala ce ta ɓace. In jimilla tana layin F kuma ɗalibai sittin ne, ki rubuta =RANK(F2,$F$2:$F$61) sannan ki ja ƙasa. In babu alamar, iyakar lissafin tana zamewa tare da ke, kowane yaro sai a gwada shi da waɗanda ke ƙasansa kaɗai. Wata magana kuma, kada a tura takardar sakamakon aji gaba ɗaya zauren WhatsApp na iyaye. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi bayanan yara, kuma ko babu doka, yaron da ya zo na ƙarshe yana da mutunci.

Tambaya: Ɗalibaina na aji shida za su zana JAMB, da yawansu ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba, mu kuma guda uku gare mu. Daga wani malami a Argungu.

Amsa: Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin wannan jarrabawa, tambaya 180 cikin awa biyu: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Abin sauƙin shi ne ba sai yaro ya iya buga rubutu ba. Maɓallan A, B, C da D na zaɓen amsa ne, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na fasa miƙawa. Ka zana allon maɓallai a kan kwali daidai girmansa, kowa ya samu nasa, kana kiran harafi suna ɗora yatsa har hannu ya saba. Kwamfutocin uku a sa musu manhajar gwaji mai aiki ba intanet, a yi jadawali: minti ashirin kowane ɗalibi, mutum tara a awa ɗaya, aji mai ɗalibai hamsin da huɗu ya zagaya cikin awa shida. A koya musu shigar da lambar rajista, da sauya darasi, da duban agogon da ke saman allo, minti ɗaya da daƙiƙa ashirin ga kowace tambaya biyu. Wanda iyayensa ke da hali ya yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske, ya ga zauren da idonsa. A ja musu kunne sosai kan harafin S, kada yatsa ya kusance shi sai an gama darussa huɗun duka.