Jini ya zuba a idon Baba: allura ɗaya za ta wadatar?

Tambaya: Likita, mahaifina yana da ciwon suga. Da asuba ya fara ganin baƙaƙen zare suna yawo, kafin azahar idon dama ya rufe ruf. An ce jini ne ya zuba a ciki, wai sai an yi masa allura a ƙwayar idon. Hankalinmu ya tashi. Ba za ta tsiyaye masa ido ba? Kuma sau ɗaya ta isa? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Idon ba zai tsiyaye ba. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a wanke idon da aidin, sannan a shigar da siririyar allura ta farin ido, milimita 3.5 zuwa 4 daga gefen baƙin. Maganin, Avastin ne ko Lucentis ko Eylea, yawanci 0.05 na mililita ne kawai. Amma tunda jini ya hana a hango ciki, sai an fara yin sikanin a tabbatar tantanin bayan ido bai yage ko ya ɓare ba. In ya ɓare, maganar tiyata ake. Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan Kaduna, ku fara da can.

Tambayarki ta biyu ita ce inda mutanenmu suke asarar ido. Allurar ba ta wanke jini. Suga ne ya toshe ƙananan jijiyoyin jini na tantanin bayan ido, ido ya tsiro da wasu sababbi marasa ƙwari, su ne suke fashewa. Aikin maganin shi ne ya sa su yanƙwane, jiki kuma ya tsotse jinin da kansa cikin makonni ko watanni. Ƙarfinsa yawanci ba ya wuce wata ɗaya zuwa biyu. To, da gani ya washe sai a ce an warke, a jefa katin asibiti ƙarƙashin katifa. Alhali wannan washewar ita ce damar da likita yake jira ya yi aikin leza, wato ƙona wasu sassan tantanin da haske mai ƙarfi, wanda shi ke hana jijiyoyin dawowa. Wanda ya gudu a nan, jijiyoyin su sake tsirowa, su bar tabo mai jan tantanin har ya ɓare, ko su haddasa hawan jinin ido mai azabar ciwo. A lokacin sai a dawo ana cewa allura ce ta makantar da shi. Sannan ga mai kemis da ɗan kwalbarsa, ga mai lasifika a bakin kasuwa, kowa da maganin "narkar da jini". Babu maganin ɗigawa, babu tozali, babu ruwan suga da zai kai inda jinin nan yake.

Baba ya riƙa kwanciya da matashi biyu don jinin ya kwanta ƙasa, a kuma daidaita suga da hawan jini. In ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya kwanan nan, a faɗa wa likita kafin allura. Bayan an yi ta, in zafi yana ƙaruwa, ido ya yi jawur, gani na raguwa, a koma asibiti a ranar, ko da dare ne, domin ƙwayar cuta a cikin ido tana iya cinye shi cikin kwana biyu.