Wanda ya tashi daga jinya, ganinsa ake son yi

Ɗana, saƙonka ya iso. Alhamdu lillahi da aka sallamo ka, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka ce ranar Litinin za ka koma koyarwa a aji, kana kuma tambaya ko dole ne ka bi gidajen waɗanda suka zo dubiya ka yi musu ban gajiya, ka kuma je gida Bakori a dogon hutu, ko kiran waya ya wadatar.

Dubiya hakki ce ta addini, tana cikin hakkokin da Annabi (SAW) ya lissafa na Musulmi a kan ɗan'uwansa. Ban gajiya kuwa al'ada ce, ba ka da laifi wurin Allah in ba ka yi ba. Sai dai ba a banza iyayenmu suka riƙe ta ba. Wanda ya tsaya a kanka a gadon asibiti ya ce "ya jiki?", ka ce "da sauƙi" alhali murya ba ta fita, da wannan kamannin naka ya koma gida, kuma da shi yake kwana. Sai ranar da ya gan ka tsaye a zaurensa hankalinsa zai kwanta.

Ni ma na taɓa kwanciya irin taka, ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wadar Kaduna. Lokacin shirin ilimin firamare kyauta, UPE, na 1976 ya cika makarantu da yara, aji ya yi maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa. Sanyin haƙarƙari ya kayar da ni kusan wata biyu. Ranar da na koma, yara suka miƙe gaisuwa, suka gama, suka ƙi zama. Kallona kawai suke, don rigar da suka saba gani ta yi mini yawa. Na ɗauki alli na juya ga allo, layi uku na rubuta ƙurar ta tayar mini da tari, sai da na dafa tebur. Monita, wani ɗan siririn yaro, ya taso ba wanda ya aike shi, ya jiƙa tsumma ya goge allon don kada ƙura ta tashi. Haka ya riƙa yi har ƙarshen zango.

Kuskurena a makon farko shi ne ɓoye rauni. Na ɗauka in yara suka ga malam ya zauna, kwarjini ya tafi. Hedimasta ne, dattijo, ya sa aka kawo mini kujera, ya ce in koyar a zaune. Da na rage murya, sai ajin ya rage surutu don su ji ni. Bulalar da na ajiye a lokacin ban sake ɗaukarta ba har na yi ritaya. Saboda haka in ka shiga, ka gaya wa ɗalibanka ka yi rashin lafiya, ka gode musu da addu'a. Kada ka ce sai ka biya darasin wata biyu a mako guda. Ka kuma fara shiga ofis ka gode wa malaman da suka riƙe maka aji, su ne farkon masu hakkin ban gajiya, kuma su aka fi mantawa.

Maganar Bakori kuwa, a nan zan ɗan tsaya. A zamaninmu da an ba da hutun damina, wajen ƙarshen Yuli, ba a tambayar ko za a je gida, sai dai yaushe. Bayan sallar asuba muke tashar Kawo, 'yan kamasho na ta kiran Zariya, Funtuwa, Katsina. Lokacin duk jiha ɗaya muke, sai a 1987 aka cire Katsina. Peugeot 504 ake shiga, fijo, wadda a nan Kakuri ake haɗa ta. A but akwai tsaraba: burodi, sabulu, sukari, goro, da turmin atamfar masaƙun Kaduna na Inna. Direba ya yi bisimilla, kowa ya karanta addu'ar hawa abin hawa. Rigachikun, Maraban Jos, Birnin Yero, Jaji, hanya ɗaya tilo ana kauce wa tireloli, dawa da masara kore shar dama da hagu. A Kwangila mu sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, sai a karkata ta Samaru, Shika, Giwa, har Funtuwa.

A shekarar da na yi ciwon, wasiƙa biyu na aika cewa na warke. Duk da haka da na yi sallama, Inna, kakarka, ba ta amsa gaisuwata ba sai da ta kama hannuna ta juya shi, ta dubi idona. Sannan ta ce, "Yanzu na yarda." Kashegari ta sa aka toya waina aka raba wa almajirai da maƙwabta, sadakar godiya ga Allah. Mahaifinka ne ya zaga da ni gida-gida, ana ta yi mini barka da arziki. Ashe tun da labari ya je, tsofaffin unguwa ba su daina sa ni a addu'a ba. Abin da ake nufi ke nan in an ce zumunta a ƙafa take.

Ga yadda nake gani. Abokai da sa'o'inka, waya ta ishe su. Manya da ke cikin Kaduna, irin Gwaggonka ta Unguwar Rimi da limamin unguwarku, ka taka ka je, gida ɗaya ko biyu a rana bayan la'asar, ba sai ka daɗe ba. Bakori sai likita ya ce ɗinkin zai jure girgizar mota. In ya yarda, ka tashi da safe, kada dare ya same ka a hanya. Kafin nan ka kira mahaifiyarka ta bidiyo, a tsaye, ta ga fuskarka. In ka sa ranar tafiya ka biyo ta gida, akwai goro da turare da zan ba ka ka kai wa Malam Babba.

Baffanka.