Tambayi Likita: Faɗuwar gaba, yawan tunani da hawan jini

Likita, tun da ɗana ya fara tuƙin motar haya, duk sanda wayata ta yi ƙara da daddare sai gabana ya faɗi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Ciwon zuciya ne? – Wata uwa daga Gusau

Hajiya, Allah ya tsare miki shi. Abin da kike ji ƙararrawa ce da Allah ya sa a jikin kowa. Da ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai ta aika saƙo ga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda, su zubo sinadarin adirinalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jini ya kwarara zuwa tsokoki, baki ya bushe. Masanin Amurka Walter Cannon ya bayyana wannan tun 1915: jiki ne ke shirin kokawa ko ranta a na kare. Sai dai jiki bai san bambancin kura da ƙarar waya ba. In abin ya lafa bayan kin ji muryar yaron, da sauƙi. Amma in ƙirji ya yi nauyi, ciwon ya gangara hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya gagara, a tafi asibiti a lokacin.

Bashi ya yi min katutu, barci ya ƙaurace, an auna ni an ce jinina ya hau. Tunani ne ya jawo? – Wani ɗan kasuwa daga Kano

Alhaji, yana da hannu a ciki. Bayan adirinalin akwai kotisol, wanda ke ƙara suga a jini don jiki ya samu ƙarfi. A ƙa'ida yakan yi yawa da safe, ya sauka da tsakar dare. Idan damuwa ta ɗauki watanni, wannan tsari yakan rikice: barci ya lalace, suga ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni, mura ta riƙa kama mutum a kai a kai. A 1936 Hans Selye, a birnin Montreal na Kanada, ya ga yadda ɓerayen da aka daɗe ana wahalarwa suka samu kumburin waɗannan halittu na kan ƙoda da gyambo a ciki.

Abin da ke ci min rai shi ne masu cewa "ai tunani ne kawai, in na biya bashi zai sauka", su ajiye magani. Gado, gishiri, ƙiba da shekaru duk suna da nasu kason, kuma hawan jini kan yi ɓarna shiru har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. In awo ya ci gaba da nuna 140/90 ko fiye, ka riƙe maganinka. Ka rage gishiri da dunƙulen miya, ka yi tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan asuba, ka bar shayi mai kauri da goro da yamma. Sannan ka samu aminin da za ku zauna ku lissafa bashin a takarda. Wanda aka bari a zuci ya fi nauyi.

Damuwa na kawo olsa? – Wata ɗaliba daga Maraɗi

'Yata, tana iya tsananta zafin, amma yawanci ƙwayar cutar H. pylori ce sila, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, ko kuma yawan shan magungunan kashe zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac daga kemis. Ki je a yi miki gwaji, ana warkewa da magani.